Tsarabar da Ta Riga Tafiya

Ina da wani ɗan ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: ko ƙwai zan fita saye, sai na rubuta lokacin fita da lokacin dawowa. Sunana Kajiwara Noboru. Shekarata hamsin da uku, talatin da ɗaya daga ciki na yi su a bayan kantar gidan wayar garinmu, ina auna saƙonnin mutane. Ban taɓa aure ba. Ba ƙi na yi ba. Shiri nake yi.

Wadda nake shirin dominta sunanta Chizuru.

Ajinmu ɗaya da ita. Muna da shekara sha bakwai makaranta ta shirya kai mu yawon buɗe ido Osaka, aka ɗora min rubuta ɗan littafin tafiyar da ake raba wa kowa: ƙarfe kaza a tasha, ƙarfe kaza a ci abinci, ƙarfe kaza a ɗauki hoto a gaban tsohuwar fada. Saura kwana ɗaya a tafi, zazzaɓi ya kwantar da Chizuru. Da muka dawo na kai mata kwalin biskit, na tsaya a ƙofar gidansu ina kallon takalmina.

Na ce, "Wata rana zan kai ki."

Ta ce, "To, ina jira."

Na fara shiri. Ina cikin shirin Morishita Kenzo, ɗan masu shagon kifin gishiri na bakin teku, ya aure ta. Shi bai rubuta komai ba. Tambayarta kawai ya yi.

Duk da haka ban daina ba. Duk shekara in an canza lokutan jirgin ƙasa, sai in sake rubuta littafin. Guda talatin da shida ne a aljihun teburina, kowanne da sunan mutum biyu a bango. Abu ɗaya ne ya riƙe ni tsawon shekarun nan: na san ba ta taɓa zuwa Osaka ba. A garinmu ba a tafiya a ɓoye. Ko garin da ke bayan dutse mutum ya je, dole ya dawo da tsaraba ya bi gida gida, kuma ni duk tsarabar garin nan na ci. Na ci ta Kyoto, na ci ta Nagoya, amma ban taɓa cin biskit ɗin Osaka daga hannun Chizuru ba. Birnin yana nan yana jirana, kamar yadda na bar shi.

Shekara shida ke nan da rasuwar Kenzo. Ciwo ya yi mai tsawo, aka ce yana asibitin babban birnin lardinmu, daga can aka dawo da tokar gawarsa. Chizuru ta zauna da surukarta, Inna Toyo, tana juya gangunan kifi da safe, tana kunna wa hoton mijinta turare da yamma. Ran Lahadin sama za a yi masa taron tunawa da ake kira na bakwai, don a al'adarmu da shekarar rasuwar ake fara ƙirga. Kowa a gari ya san abin da zai biyo bayan addu'ar: Morishita Shigeo, ɗan ƙanin uban Kenzo, mai gidan mai, wanda matarsa ta rasu, zai nemi auren Chizuru a gaban dangi. Sunansu ɗaya. In ta aure shi, ko allon shago ba za a sauke ba.

Ran Juma'a ta shigo gidan waya da ƙunshin kifi za ta aika. Na ɗora a ma'auni.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Noboru-kun, littafin nan yana nan?"

Allurar ma'aunin ta tsaya, amma ni ban ga lambar ba.

"Ran Alhamis shago a rufe yake. Motar gidan kula da tsofaffi tana ɗaukar Inna ƙarfe bakwai, ta dawo da ita ƙarfe biyar." Ta gyara igiyar ƙunshin da ba ta bukatar gyara. "In kana da maganar da za ka faɗa min, ka faɗa min a inda babu wanda ya san matar ɗan wace ce ni."

"Alhamis," na ce.

"Kada kowa ya sani."

"Ko iska."

Ta fita. Makullin shagon da kullum yake rataye a wuyanta da jan zare yana kaɗawa a ƙirjinta. Na bi ta da ido har ta sha kwana, sannan na lura na buga wa ƙunshin hatimi sau uku.

Ranar na ɗauko littafi na talatin da bakwai. Jirgin bakwai da minti sha biyu, canji biyu a hanya, a isa goma da minti biyar. Jirgin dawowa biyu da minti goma. Awa huɗu da minti biyar ke nan, a zuba shekara talatin da shida a ciki.

Na ba tsohuwar fada minti hamsin, don ita ce ta rasa. Na ba kasuwar bakin rafi minti arba'in, ta ci ƙosan naman teku da zafinsa, in ga yadda za ta hura baki. Na ware wa gada minti goma. A ƙarƙashin ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rubuta "Magana," na ba ta minti biyar, na goge, na mayar bakwai.

Sai na ga babu gurbin tsaraba.

Mai hankali zai ce tafiyar ɓoye ba ta bukatar tsaraba. Na sani. Amma hutu zan ɗauka, na farko a shekara tara, wasu za su tsaya a kantata su yi aikina. Da wane ido zan shigo ran Juma'a hannu biyu? Sai na yi wa kaina alkawari cewa zan ce ni kaɗai na je. Kuma tunda babu lokacin shiga kanti, dabara ta zo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutum ya ji daɗin kansa: in yi odar tsarabar tun yanzu, a kawo min gida, in ɓoye a kabad, ran Juma'a in fito da ita kamar na sha wahalar ɗaukowa.

Na jera sunaye goma sha biyu. Shugaban ofis, abokan aiki, wanzamina, yayata, malamin haikali, shugaban tasha. Na ƙarshe Kenzo ne. Ba za ka ɗauki matar mutum ka kai ta birni ba, ko da ya mutu, ka dawo ba ka ajiye masa komai a gaban hotonsa ba. Nasa ne kaɗai na sa sunanmu mu biyu, don na yi niyyar kai shi bayan ta ba ni amsa.

Ma'aikacin gidan waya ba ya iya rubuta suna ya bar shi tsirara. Kowane suna na bi shi da adireshinsa, har lambar unguwa. Takardar ta cika, sai na juya bayanta na rubuta da manyan baƙi: A KAWO DUKA GIDAN KAJIWARA. Na sa ta a na'urar faks na tura wa wani kantin tsaraba a Osaka.

Na'urar ba ta aika bayan takarda.

Ran Talata da safe babbar mota ta sauke kaya. Ina cikin warewa na ga kwali mai takarda ruwan hoda. Na ga na biyu. Na jera su a teburi, sha biyu cif, kowanne da adireshinsa, babu kuskuren ko ɗigo.

Tsoho Uehara, mai rabon saƙo, ya tsaya a kaina ya karanta na saman, ya karanta na ƙasan. Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Noboru-san, idona ya lalace kwana biyun nan. In wasu kwalaye suka faɗa bayan kabad har zuwa Juma'a, ni ban ga komai ba."

Na kalli kabad ɗin. Akwai wuri a bayansa, har da saura.

"An rubuta yau a jikinsu," na ce.

"Na ga an rubuta."

"To yau za su tafi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a akwatin babur, ya bar nasa a teburi, ya ce ya gode da tsaraba, ya ji daɗi da na dawo lafiya. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa riƙe saƙon kowa ba. Na tsaya a taga ina kallon rayuwata tana tafiya a bayan jan babur.

Ƙarfe uku Inna Toyo ta aiko a kira ni.

Na cire takalmi na shiga ɗakin tabarma. Tsohuwar tana durƙushe a gaban gurbin da ake tunawa da mamatan gidan, ƙanƙanuwa kamar an naɗe ta an ajiye. Kwalin yana gaban hoton Kenzo, ba a buɗe ba, hayaƙin turare yana bi ta kansa. Chizuru tana bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Shigeo ya baje a wurin da ya fi kyau, makullin motarsa a kan teburi inda kowa zai gani.

"Sannu da hanya, Kajiwara," in ji shi. "Yaya Osaka? Jiya da la'asar na gan ka kana manna kan sarki, ashe kana can."

Na durƙusa a bakin tabarma.

"In birni take son gani, ai sai a faɗa min. Motata awa biyu da rabi ce. Kujerar baya tana ɗumi, Inna ma sai ta zo."

"Shigeo, sha shayinka," in ji tsohuwar, ba ta ko juyo ba. "Ɗan gidan Kajiwara, matso. Idona ya mutu. Karanta min abin da ke jikin kwalin nan."

Na matsa da gwiwa. Muryata ta fito irin wadda nake kiran lambar layi da ita.

"Zuwa ga Kenzo. Ɗan abin da muka samo a Osaka. Daga Noboru da Chizuru."

"Muka samo," in ji tsohuwar.

"Inna, kuskure ne. Ba mu je ba tukuna."

"Tukuna," ta maimaita. Ta juyo a hankali. "Ɗana ya karɓa. Mamaci ba ya mayar da kyauta. Ni ce mai rai, ni zan yi magana. Na san ubanka, na san uwarka, kai ma ba ni da abin faɗa a kanka sai dai sanyin jiki. Amma in ta bi ka, sunanka za ta ɗauka. In ta mutu, kabarin gidanku za a kai ta. Wa zai kwanta a gefen Kenzo? Kai kuma ɗa namiji ɗaya ne, ba za ka ajiye sunan ubanka ka ɗauki namu ba. Ko za ka iya?"

Ta san amsar.

"Gishirin shagon nan ba a rubuce yake ba. Daga hannun uwar mijina ya zo hannuna, daga nawa ya shiga nata. Nawa yanzu ko cokali ba ya riƙewa." Ta ɗaga hannun ta nuna mana. "Ban haife ta ba, amma shekara talatin muna cin tukunya ɗaya. Ita ta wanke ni da na karye. In ta fita, wa zan kira da safe?"

Chizuru ta fara kuka marar sauti.

"Inna, wuni ɗaya ne kawai na nema."

"Na taɓa zama yarinya, Chizuru. Na san irin wunin." Tsohuwar ta share idonta da bakin hannun riga. "Ba zan ɗaure ki ba. Amma in za ki shiga jirgin nan ran Alhamis, ki ajiye min makullin shago a nan, gaban mijinki. Ba na son in zauna ina tsammani."

Shigeo ya ajiye kofi.

Na fita ta ƙofar baya don kada in bi ta gaban shago. A rumfar gangunan kifi Chizuru ta tarar da ni ina neman takalmin da na bari a ƙofar gaba.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce.

"Na sani."

"Ɗaya, Noboru-kun. Wanzami ya tare ni a hanya yana tambayata ko na hau saman fada. Matar shugaban tasha ta aiko min da lemo na godiya. Malamin haikali, wanda zai yi wa mijina addu'a ran Lahadi, yana can yana cin biskit ɗinmu."

"Nasu sunana ne kawai a jiki."

"Kana ganin akwai wanda bai san da wa za ka je Osaka ba a garin nan? Tun muna makaranta suka sani. Kai kaɗai ne kake ɓoyewa." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Shekara talatin da shida kana latti. Rana ɗaya da ka yi sauri, ka riga lokacin da kwana biyu."

"A bayan takardar na rubuta..."

"Kada ka yi min bayani. In ka fara bayani zan tausaya maka, kuma ba na so yau."

Ta zauna a kan murfin ganga. Warin gishiri da dusar shinkafa ya cika rumfar, warin da ke jikin duk ƙunshin da ta taɓa miƙo min.

"Ka san me na so? In zauna kusa da taga, in sayi abinci a tasha, wani ya kira ni da sunana kawai. Ba matar Kenzo ba, ba ta shagon kifi ba. Sannan in ji abin da za ka ce, in yi tunani ni kaɗai a hanyar dawowa. Yanzu babu tunani. Shiga jirgin ma ya zama amsa."

"To kada ki zo," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. "Ba zan riƙe ki da komai ba. Na iya jira. Shi ne kaɗai abin da na iya."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi da kai." Hawaye suna sauka tana barinsu. "Kenzo mutumin kirki ne. Ban taɓa nadamar aurensa ba, kada ka yi zaton haka. Amma duk watan da aka canza lokutan jirgi ina ganinka a tasha kana kwafewa a ɗan littafinka. Duk shekara. Sai in dawo gida in zuba gishiri ya yi yawa."

Ban taɓa sanin tana gani ba.

"Kuma tsohuwar nan ba ƙarya ta yi ba. Ba ta da kowa. Shigeo zai riƙe allon, amma ba zai san tana son ruwan wankanta da zafi sosai ba."

"Chizuru-san..."

"Ƙarfe nawa ne jirgin?"

"Bakwai da sha biyu."

Ta tashi ta kakkaɓe rigar aikinta. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Ta shiga ciki, ta dawo da takalmina ta ajiye su a gabana, bakinsu yana kallon hanya.

Ran Laraba ba ta zo gidan waya ba. Mutum tara suka yi min godiyar tsaraba. Na karɓi godiyar duka.

Ran Alhamis shida da rabi ina tasha. Ban taɓa sanin mutanen garinmu suna son shayar da furanni da sassafe haka ba. Duk gidan da ke kallon tashar akwai mai riƙe da butar ban ruwa. Shugaban tasha ya share dandamali sau biyu. Can gefen titi motar Shigeo tana tsaye, injin a kunne.

Ƙarfe bakwai motar gidan tsofaffi ta wuce. Na hango farin kai a taga, bai juyo ba.

Bakwai da biyar. Bakwai da takwas. Na buɗe littafin na rufe. Na fara tunanin yadda mutum ɗaya zai cinye minti bakwai na magana a kan gada.

Bakwai da goma ta fito daga lungun wanzami, ba gudu ba, ba a hankali ba. Shuɗiyar riga ce a jikinta wadda ban taɓa gani ba, da ƙaramar jaka. Ta wuce motar Shigeo ta ɗan rusuna masa. Ta gaida masu ban ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso gabana idonta a kumbure yake.

Babu jan zare a wuyanta. Sai ɗan farin layi a fata, inda rana ba ta taɓa ba shekara talatin.

Muka shiga. Na ba ta gefen taga. Jirgin ya ja, teku ta fara gudu a gefenmu. Sai na yi abin da na iya: na buɗe littafi na talatin da bakwai a kan gwiwata na fara karanto mata. Na gaya mata inda za mu canza jirgi, da ƙofar da za mu fita don kada mu ɓata, don tashar Osaka tana rikita baƙo. Na ce in ta ga fadar za ta riƙe baki, rufinta kore ne, da ado na zinariya.

Ta karɓi fensirin daga aljihun rigata. Ta ja layi a kan fadar, ta ja kibiya ta mayar da minti hamsin ɗin ƙarƙashin "Magana."

"Amma ita ce kika rasa," na ce.

"Ba a asibitin lardi Kenzo ya kwanta ba. Inna ce ba ta so a san irin ciwon." Ta mayar min da fensirin, ta juya tana kallon teku. "Ba a kawo tsaraba daga asibiti, Noboru-kun."

A Osaka ya kwanta, hawa na tara. Tagar ɗakinsa tana kallon fadar. Wata takwas ta yi a gaban tagar.